LAFIYA UWAR JIKI: Tsakuwa a Magudanar Yawu, da Aikin da Ake Yi Ta Cikin Baki

 

Yau maganar yawu za mu yi. E, yawu, ko miyau in ji wasu. Na san wani zai yamutsa fuska ya ce duk cututtukan da ke duniya an rasa abin da za a ɗauko sai tofi? To a yi haƙuri a biyo ni. Akwai wata larura da ke kama hanyar yawu wadda shekaru da dama maganinta na ƙarshe shi ne a tsaga wuyan mutum a cire masa wani sashe na jikinsa, alhali kuwa a yau sau da yawa ana iya gama aikin ta cikin baki, mutum ya koma gida ran nan, ba tabo. Kuma da yake mu ne ke raka iyayenmu asibiti a ƙasashen nan, mu ne masu cika takardu, mu ne tafintoci, ya kamata a ce mun san abin da za mu tambaya kafin a miƙo takardar yarda da aiki a ce a sa hannu.

DAGA INA YAWU YAKE FITOWA?

Allah Ya yi wa kowane mutum manyan maɓuɓɓugan yawu guda shida, uku a dama uku a hagu. Ta farko, wadda ta fi girma, tana gaban kunne, daidai inda hangum ke kumbura yara. Bututunta yana ratsa kumatu ya buɗe a cikin baki, kusa da turamen haƙori na sama. Ta biyu tana ƙarƙashin muƙamuƙi, ita kuma bututunta yana tafiya ya ɓullo a ƙarƙashin harshe, gefen siririyar tantanin nan da ta riƙe harshe. In ka ɗaga harshenka a gaban madubi za ka ga 'yan tudu biyu a wurin, to nan ne bakin magudanar. Ta uku ƙarama ce, tana kwance a ƙarƙashin harshen kansa. Ban da waɗannan akwai ɗaruruwan ƙanana a leɓe da ganda da cikin kumatu. Dukkansu in aka haɗa, suna samar da tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a kowace rana, kuma muna haɗiye shi ba mu ma sani ba.

Wani likitan Ingila mai suna Thomas Wharton ne ya yi bayanin bututun ƙarƙashin muƙamuƙi a 1656, shi ya sa har yau likitoci ke kiran sa da sunansa. Na gaban kunne kuwa wani ɗalibi ɗan ƙasar Denmak, Niels Stensen, shi ya gano shi a 1660 a birnin Amstadam, lokacin da yake feɗe kan tunkiya. Ka ji fa! Mu da muke babbake kawuna duk Sallar layya, tunaninmu farfesu kawai yake kaiwa.

YAYA AKE YI TSAKUWA TA SAMU?

Yawu ba ruwa ne zalla ba. Akwai gishiri a cikinsa, akwai sinadarin kalsiyam irin wanda ke cikin ƙashi da haƙori, akwai kuma yauƙi. Idan gudun yawun ya ragu, ko ya yi kauri, sai wannan sinadari ya fara taruwa a jikin ɗan wani gudaji, yana daskarewa sannu a hankali, yau kaɗan gobe kaɗan, har ya zama tsakuwa. Kiyasin likitoci shi ne tana ƙaruwa da kamar milimita 1 a shekara. Wato tsakuwar da ta kai girman ƙwayar wake ta daɗe tana zaune, mai ita bai sani ba.

Wajen kashi 80 cikin 100 na waɗannan tsakuwoyi a maɓuɓɓugar ƙarƙashin muƙamuƙi suke samuwa, kuma akwai dalili. Bututunta dogo ne, ya kai kamar santimita 5, yana da lanƙwasa, sannan yawun hawa yake yi daga ƙasa zuwa sama, kamar a ce ruwa ya hau tudu. Bugu da ƙari yawun nata ya fi kauri, ya fi yawan kalsiyam, ga bakin magudanar tsukakke ƙwarai. Sauran yawanci a ta gaban kunne ake samun su.

Abubuwan da ke taimaka wa abin sun haɗa da ƙarancin shan ruwa, da shan taba, da wasu magunguna masu busar da baki, alal misali ƙwayoyin hawan jini masu sa yawan fitsari, da wasu magungunan mura da na damuwa. An fi ganin ta ga manya, 'yan shekara 30 zuwa 60. Akwai masu ɗora laifin a kan ruwan famfon Landan, saboda farin dutsen nan da yake bari a cikin butar shayi. An bincika wannan a Ingila, aka buga sakamakon a shekarar 2000, kuma ba a sami wata alaƙa tsakanin irin ruwan da gari ke sha da yawan masu tsakuwar yawu ba. Saboda haka kada kowa ya daina shan ruwa don tsoron famfo, domin rashin shan ne ma matsalar.

ALAMAR DA TA FI KOWACE

Ga ta nan, a riƙe ta da kyau: kumburi mai zuwa lokacin cin abinci. Mutum zai zauna lafiya lau, da an ajiye kwano, ƙanshi ya bugi hanci, ko ya kai loma ɗaya biyu, sai ƙarƙashin haɓarsa ko gaban kunnensa ya tashi, ya yi tauri, yana zogi. Bayan awa ɗaya ko biyu sai ya sace, kamar ba a yi ba. Dalili kuwa a fili yake. Abinci ya sa maɓuɓɓuga ta zubo yawu da yawa, tsakuwa ta tare hanya, yawun ya rasa mafita ya koma baya ya cika ta tam. Abu mai tsami ya fi tayar da shi, irin su kunun tsamiya da zoɓo da lemun tsami. Kuma kusan kullum gefe ɗaya ne.

Wannan shi ya bambanta shi da hangum. Hangum ƙwayar cuta ce mai yaɗuwa, ta fi kama yara, tana zuwa da zazzaɓi, sau da yawa ta kumbura gefe biyu, ta yi kwanakinta ta wuce. Babban mutum ɗan shekara 50 da wuyansa ke tashi duk lokacin tuwo ya sauka bayan an wanke hannu, wannan ba hangum ba ne, ko da duk gidan sun ce shi ne.

Wata gwaggona da ke zaune a arewacin Ingila ta sha wannan. A azumin 2016 abin ya bayyana, shekarar da Ramadan ya faɗo a watan Yuni, muna kai awa 18 da ɗoriya ba ci ba sha. Da an sha ruwa ta kai dabino baki, sai haɓarta ta hagu ta tashi kamar an cusa ƙwai. Aka ce iska ce, aka ce haƙori ne, wata ƙawarta ta bugo waya daga gida ta ce a shafa man zafi a ɗaure da ɗankwali. Sau uku ana ba ta ƙwayoyin kashe ƙwayoyin cuta a asibitin unguwarsu, ya lafa ya dawo. Abin da ya jawo jinkirin shi ne duk ranar da ta je, da safe take zuwa, ba kumburi, kuma abin da take gaya musu da ɗan Turancinta shi ne wuyanta na ciwo. Ran da na tambaye ta na ce, "Gwaggo, wai yaushe ne yake tashi?" sai ta ce, "Ɗan nan, ai shi da abinci ba sa ga maciji. Ko ƙanshin miya na ji sai ya motsa." Wannan maganar ce kawai likita bai taɓa ji ba. Da aka faɗa masa, nan take ya rubuta a yi mata hoton sikanin, irin wanda ake duba masu juna biyu da shi, sai ga tsakuwa zaune a cikin bututu.

YADDA AKE YI A DA

Idan tsakuwar tana gaba, kusa da bakin magudana, tun da can likita kan ɗan tsaga ƙarƙashin harshe ya fito da ita. Amma in ta yi nisa can ciki, to sai dai a cire maɓuɓɓugar ɗungurungum. Ana yanka fatar wuya a ƙasan muƙamuƙi, a yi wa mutum allurar barci, ya kwana asibiti, ya tashi da tabo. Tabon ma da sauƙi. Abin da ya fi tsoratarwa shi ne jijiyoyin da ke maƙwabtaka da wurin. Akwai wadda ke motsa leɓen ƙasa, in ta taɓu sai murmushin mutum ya karkace. Akwai wadda ke ba harshe ji da ɗanɗano, akwai kuma wadda ke motsa harshen. Ta gaban kunne kuwa ta fi haɗari, domin babbar jijiyar da ke motsa fuska gaba ɗaya ta tsakiyarta ta ratsa, ta yi rassa kamar itace. Galibi raunin na ɗan lokaci ne, amma akwai waɗanda yake zauna musu.

Hujjar likitocin wancan zamani ita ce maɓuɓɓugar da ta daɗe a toshe ta riga ta lalace, barin ta ba amfani. Daga baya bincike ya nuna cewa da yawansu suna farfaɗowa su ci gaba da aiki da zarar an buɗe hanya. Wannan fahimtar ce ta sa aka fara neman yadda za a cire tsakuwa a bar wa mutum kayansa.

SABUWAR HANYA: LEƘE TA CIKIN BUTUTU

Sunan aikin a bakin likitoci sayalendoskofi. Ma'anarsa leƙa cikin magudanar yawu da na'ura. An fara shi a farkon shekarun 1990. Cikin waɗanda suka share fagen akwai Philippe Katz a birnin Faris, da Oded Nahlieli a Isra'ila, da Francis Marchal a Jeniba, da likitocin jami'ar Erlangen a Jamus. A Landan kuwa Mark McGurk da abokan aikinsa a asibitin Guy's sun yi suna wajen aikin ceton maɓuɓɓugan yawu. A 2007 hukumar NICE, mai tantance hanyoyin magani a Ingila, ta fitar da jagoranta a kan aikin, inda ta amince a riƙa yin sa.

Na'urar wani siririn ƙarfe ne, kaurinsa daga milimita 0.8 zuwa 1.6, wato bai fi tsinken ashana ba. Duk da haka a cikinsa akwai zaren haske da na ɗaukar hoto, akwai hanyar tura ruwa, akwai kuma hanyar zura kayan aiki. Da farko likita zai kashe zafin wurin, ko a sa mutum barci in aikin mai tsawo ne. Sai ya nemo bakin magudanar, wanda ƙanƙantarsa ta sa nemo shi ma gwaninta ne, ya riƙa faɗaɗa shi da 'yan tsinkayen ƙarfe, daga siriri zuwa mai ɗan kauri. Sannan ya zura na'urar yana tura ruwan gishiri don bututun ya buɗe, yana kallon komai a allon talabijin, yana bin hanya kamar mai tafiya cikin rami, har ya yi kiciɓis da tsakuwar.

Daga nan sai ya zura wata 'yar waya a naɗe, ya wuce da ita bayan tsakuwar, ya buɗe ta ta zama kamar ɗan kwando, ya rutsa tsakuwar a ciki, ya tsuke, ya jawo a hankali. Wani lokaci sai an ɗan tsaga bakin magudanar kafin ta fito. Wannan ya fi yiwuwa ga ƙananan tsakuwoyi masu motsi, waɗanda ba su wuce milimita 3 zuwa 4 ba. In ta fi haka, ana iya farfasa ta da hasken lesa a kwashe gutsattsarin. In kuma babba ce ko ta manne, sai a haɗa dabaru biyu: na'urar ta nuna daidai inda take, a yi 'yar tsaga a cikin baki a ciro ta, a gyara bututun, maɓuɓɓuga na nan daram. Wani lokaci akan bar ɗan siririn roba a ciki na 'yan makonni don kada hanyar ta tsuke.

Yawanci aikin bai wuce awa ɗaya ba, kuma mutum gida yake kwana. Wurin kan kumbura kwana ɗaya ko biyu saboda ruwan da aka tura, sai ya sauka. Ta gwaggona milimita 4 ce, aka sa mata ita a 'yar kwalba ta taho da ita gida, duk wanda ya zo dubiya sai ta nuna masa.

Ga alƙaluma ga masu son alƙaluma. A 2009 an buga sakamakon wani babban nazari da cibiyoyi biyar suka haɗu suka yi, a kan marasa lafiya 4,691 da aka yi wa magani ta hanyoyin da ba sa buƙatar babban yanka, ciki har da wannan. An raba kusan kashi 80 cikin 100 da tsakuwarsu gaba ɗaya, kuma waɗanda sai da aka cire musu maɓuɓɓugar ba su kai kashi 3 cikin 100 ba.

Ba tsakuwa kaɗai ake yi wa ba. Ana amfani da shi wajen buɗe bututun da ya tsuke, da wanke maɓuɓɓugar yaran da gaban kunnensu ke yawan kumbura a kai a kai, da taimaka wa waɗanda aka ba sinadarin ayodin mai tururi saboda kansar maƙoƙo, wanda kan bar musu toshewar yawu.

KOWANE ALLAZI DA NASA AMANU

Kada a ce na yi talla. Aikin na da nasa haɗarin. Bututun na iya hujewa, kwandon na iya maƙalewa, wurin na iya harbuwa, harshe na iya yin ɗan nauyi na wani lokaci, hanyar na iya sake tsukewa, kuma tsakuwa na iya dawowa bayan shekaru. Ba a yin sa lokacin da maɓuɓɓuga ke cike da mugunya, sai an fara kashe cutar. Sannan har yanzu akwai waɗanda cire maɓuɓɓugar shi ne daidai a gare su, kamar mai tsakuwoyi da yawa can cikin tsokar, ko wanda aka gwada sauran hanyoyin ba su yi ba. In ƙwararre ya duba ya ce haka, to ba mugunta ba ce.

Abin da nake ja a kai shi ne, ba kowane asibiti ke da na'urar ba, ba kuma kowane likitan tiyata ne ya koyi aikin ba. Iyayenmu kuwa kun san su da kawaici. Likita na magana suna gyaɗa kai, a fito waje su ce, "Me ya ce?" To ga abin da za ku tambaya a madadinsu:

1. Milimita nawa ce tsakuwar, kuma a ina take, gaba ko can ciki?
2. Za a iya cire ta a bar maɓuɓɓugar?
3. Ana yin aikin leƙe a wannan asibiti? In ba a yi, za a iya tura mu inda ake yi?
4. In cirewar ce dole, mene ne dalili, kuma wace jijiya ce ke cikin haɗari?

Sashen da ke wannan aiki shi ne na tiyatar baki da muƙamuƙi, ko na kunne da hanci da maƙogwaro. A Ingila ta hannun likitan unguwa ko likitan haƙori ake samun takardar zuwa, kuma majinyaci na da damar neman tafinta kyauta a asibitocin NHS, sai dai a faɗa tun wajen ɗaukar rana. Ku nema, ko da za ku je tare. Hausarmu ta cikin gida ta isa a yi cefane da gaisuwa, amma ba kullum take isa bayanin jijiyar fuska ba. 'Yan Amurka kuma ku fara bugawa kamfanin inshora ku ji ko suna biya. Wata dabara: ku ɗauki hoton kumburin da waya lokacin da ya tashi, domin ranar ganin likita ƙila ya ɓuya.

A GIDA FA?

Ƙaramar tsakuwa takan fito da kanta. Abin da likitoci ke cewa a yi shi ne shan ruwa sosai, gasa wurin da tsumma mai ɗumi, murza shi a hankali daga baya zuwa gaba, da tsotsar abu mai tsami ko taunar cingam marar sukari don yawu ya gudana. Mai azumi ya cika cikinsa da ruwa tsakanin buɗa baki da sahur, ya rage shayi da kofi. In ciwon ya kai ga zazzaɓi da shan magani, ya tuntuɓi likita da malami, addini bai matsa wa marar lafiya ba. Kuma kada wanda ya ajiye ƙwayar hawan jininsa da kansa don ya karanta a nan cewa tana busar da baki, ya gaya wa likitan da ya rubuta masa.

Abin da ba a yi: ba a sa allura ko tsinken sakace a tono ta. Kuma don Allah in an je hutu gida, kada a bari a yi wa wurin sakiya ko tsaga. Wanzami gwani ne a sana'arsa, amma wannan kumburi ba maruru ba ne, kuma ƙarƙashin fatar nan jijiyoyin fuska ne da manyan hanyoyin jini.

Sai abubuwa biyu da ba sa jira. Na ɗaya, kumburi da zazzaɓi mai zafi, ko mugunya a baki, musamman in ƙarƙashin harshe ya tashi har haɗiya ko numfashi na wuya. Wannan sashen gaggawa za a nufa a daren, ba sai gari ya waye ba. Na biyu, ƙullutun da ba ruwansa da abinci, ba ya sauka, yana ƙara girma a hankali ko da ba ya ciwo, balle in gefen fuska ya fara saki. Wannan yana iya zama tsiro, kuma dole likita ya gan shi da wuri. Rashin ciwo ba shaidar lafiya ba ce.

A nan zan dakata. In akwai wani a gidanku da ke dafe haɓa duk lokacin cin abinci, ku tambaye shi tun yaushe, ku karanta masa wannan.  A fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu, za mu duba bushewar baki ga masu ciwon sukari da abin da take yi wa haƙora.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, mu kuma Ya ƙara mana. Sai mun sake haɗuwa. Wassalam.